Neman shari'ar mutum a kotunan gundumomin Amurka: ina ake dubawa, kuma me ake gani?

Shin da gaske ne duk wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali a Amurka, kana rubuta sunansa a intanet za ka ga tarihinsa kaf? Idan kuma ka gani, abin da ka gani ɗin ya isa ka ce mutumin mai laifi ne?

Tambayar nan ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, kuma ba a banza ba. Kusan kowane wata sai an turo hoton wani shafi a zauren WhatsApp, ga sunan wani ɗan gida da ke New York ko Houston, ga wasu kalmomi na Turancin lauyoyi, a ƙasa an rubuta “an kama shi”. Kafin la'asar magana ta kai Kano, ta kai Zinder, ta kai Zangon Kumasi. Ni kaina gwaggona ta taɓa kirana da sassafe a kan irin wannan. Wani yaro ne da ke zaune a can yake neman auren 'yarta, sai aka turo mata hoton.

“Ɗan nan,” in ji ta, “kai da ka san kan garin, duba mana. In gaskiya ne mu san inda dare ya yi mana.”

Na ce, “To Gwaggo, a wace gunduma aka ce shari'ar take?”

Ta yi shiru, sannan ta ce, “Ai Amurka aka ce.”

Daga wannan amsa tata duk rikicin yake farawa.

## Babu rumbu ɗaya da ya tara shari'o'in Amurka

Kotunan Amurka kashi biyu ne manya. Akwai na tarayya, wato kotunan yanki 94, da kotunan ɗaukaka ƙara 13, sai Kotun Ƙoli a Washington. Akwai kuma na jihohi 50, kowace jiha da nata tsari da nata dokoki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kotunan tarayya, duk da su suka fi shiga labarai, ƙaramin kaso suke ɗauka. Sama da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in ƙasar a kotunan jihohi ake yin su. Sata, faɗa, tuƙi cikin maye, bashi, rikicin mai gida da ɗan haya, sakin aure, riƙon yara, rabon gado, tikitin hanya, duk can suke.

Su kuma kotunan jihohi a gundumomi suke zama. Gunduma a can ta yi kama da ƙaramar hukuma a wajenmu, sai dai ta fi ta iko nesa ba kusa ba: tana da shugaban 'yan sandanta da ake kira sharif, tana da gidan wakafinta, tana da mai gabatar da ƙararta, tana da ginin kotunta. Gundumomin nan sun haura 3,000. Jihar Texas kaɗai tana da 254, Delaware kuwa 3 ne kacal. Gundumar Los Angeles tana da mutane kusan miliyan 10, alhali a ƙidayar 2020 mutum 64 aka samu a gundumar Loving ta Texas. Jihar Louisiana ma ba ta kiran nata gunduma, da wani suna na coci take kiransu, Alaska ma da nata sunan daban.

Wanda ke riƙe da takardun shari'a a kowace gunduma shi ne magatakardan kotu. A wurare da yawa, kamar gundumar Cook inda birnin Chicago yake, da gundumomin Texas da Florida, zaɓensa ake yi da ƙuri'a kamar kowane ɗan siyasa. Wannan ya sa kowane ofishi ya gina nasa shafin intanet gwargwadon kuɗinsa da son ransa. Wani ya zuba komai a fili kyauta. Wani sai ka yi rajista. Wani yana cajin kuɗi a kan kowane sunan da ka nema, kamar yadda babbar kotun Los Angeles take yi. Wani kuma har gobe sai ka taka ƙafa ka je.

Wasu jihohi sun sauƙaƙa, sun haɗa gundumominsu a shafi guda. Maryland tana da irin wannan, haka Pennsylvania, Wisconsin, Missouri da Oklahoma. Amma ko a nan, iyakar abin da za ka gani jihar ce. Mutumin da ya zauna a Baltimore, ya koma Columbus, ya ƙarasa Atlanta, jihohi uku ke nan, sai ka duba wurare uku daban-daban.

Akwai shafin da ake yawan ambata, PACER, wanda har wasu ke ɗauka shi ne rumbun ƙasa baki ɗaya. Na kotunan tarayya ne kawai. Yana cajin santi 10 a kowane shafi, kuɗin takarda ɗaya ba ya wuce dala 3, kuma idan abin da ka kashe a wata uku bai haura dala 30 ba ana yafe maka. Yana da amfani in shari'ar ta tarayya ce, kamar zamba ta intanet ko karayar arziki. Amma wanda aka kai kotun gunduma kan kuɗin haya, ko ka kwana kana bincike a PACER ba za ka ga ƙurarsa ba.

## Mene ne shi wannan kundi?

Abin da suke kira “docket” shi ne kundin da magatakarda ke rubuta duk wani motsi na shari'a, bi da bi, da kwanan wata. Wanda ya saba da kotunanmu na gida zai tuna takardar da ake liƙawa a allon kotu da safe, mai jerin shari'o'in ranar, da kuma littafin da rajistara ke ajiyewa. Kalmar tasu ta haɗa duka biyun: takan nufi jerin shari'o'in da alƙali zai saurara a rana, takan kuma nufi tarihin shari'a guda daga farko zuwa ƙarshe. Wannan na biyun shi mutane ke ɗaukar hotonsa.

A samansa za ka ga lambar shari'a, sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, lauyoyinsu, alƙali, da ranar da aka shigar. A ƙasa kuma layi-layi ne gajeru: an shigar da ƙara ranar kaza, an kai sammaci, an ba da beli, lauya ya nemi kaza, an ɗage zama zuwa ranar kaza. Lambar shari'ar kanta tana magana. Galibi takan fara da shekara, sai wasu haruffa masu nuna irin shari'ar, sai lambar jeri. A wurare da yawa CR na nufin shari'ar laifi, CV kuma ta ƙara tsakanin mutum da mutum. A gundumar Cook harafin D na shari'ar aure ne da iyali.

To amma kundin nan kanun labari ne kawai. Zai gaya maka an shigar da wata takarda, ba lallai ya nuna maka abin da ke cikinta ba. Ainihin ƙarar, da rantsuwar ɗan sanda, da hukuncin da alƙali ya sa wa hannu, suna cikin fayil. Wasu kotuna sukan bar ka ka buɗe su daga gida, wasu kuma sai a kwamfutar da ke cikin ginin kotun.

## Daga ina 'yancin dubawa ya samo asali?

Ba alfarma magatakarda yake yi maka ba. Tsohuwar al'adar shari'a ce da Amurka ta gada daga Ingila, cewa ana shari'a ne a bainar jama'a domin alƙali ya san ana kallonsa. A 1978, a shari'ar da aka yi kan kaset-kaset ɗin tsohon shugaba Richard Nixon, Kotun Ƙoli ta amince cewa jama'a na da haƙƙin dubawa da kwafar takardun kotu, amma ta ce haƙƙin yana da iyaka, kuma kowace kotu tana da iko a kan fayilolinta. A 1980 kuma, a ƙarar da wasu jaridun Richmond suka kai jihar Virginia, ta ce kundin tsarin mulki ya ba jama'a da 'yan jarida damar halartar shari'ar laifi.

Saboda haka ba sai kana ɗan ƙasa ba, ba sai kana lauya ba, kuma a yawancin wurare ba wanda zai tambaye ka dalilinka. Wani kuskure da na ga masu ilimi ma suna yi shi ne rubuta wasiƙa suna kafa hujja da dokar 'yancin samun bayanai ta 1966. Wannan doka ta shafi ma'aikatun gwamnatin tarayya ne, ba ta hau kan kotuna ba. Takardar kotu a hannun magatakarda ake nemanta, bisa dokokin kotun jihar.

## Yadda ake bin sawu

Abu na farko, ka san gundumar. Shari'ar laifi galibi inda abin ya faru ake yin ta, ba inda mutum yake kwana ba. Rikicin haya kuma inda gidan yake. Sunan gari ba shi ne sunan gunduma ba: Houston tana cikin Harris, Chicago cikin Cook, Minneapolis cikin Hennepin, Columbus cikin Franklin. Birnin New York shi kaɗai gunduma biyar ne. Bronx, inda 'yan uwanmu na Gana da Nijar da Najeriya suka fi taruwa, gunduma ce mai zaman kanta, Brooklyn kuma sunan gundumarta Kings, Staten Island tata Richmond.

Abu na biyu, ka san kotun, domin gunduma ɗaya takan sami kotuna kala-kala, sunayensu kuma na iya ruɗa mutum. A jihar New York kotun da ake kira “Supreme Court” ba ita ce ta ƙoli ba. Ita ce ake fara manyan shari'o'i da sakin aure a cikinta, ta ƙolin jihar kuwa tana Albany da wani suna daban. A gundumar Harris magatakarda biyu ne: ɗaya yana riƙe da shari'o'in laifi da na iyali da manyan ƙararraki, ɗayan yana riƙe da na gado, da rajistar filaye, da takardun ɗaurin aure. In ka shiga shafin da ba shi ba, za ka fito hannu rabbana ka ɗauka babu komai.

Abu na uku shi ne suna, kuma a nan mu muka fi kowa shan wuya. Muhammad ɗaya yana iya zama Mohammed a fasfo, Mohamed a lasin tuƙi, Muhammed a takardar ɗan sanda. Usman na Najeriya shi ne Ousmane na Nijar, Yusuf shi ne Issoufou, Abubakar shi ne Aboubacar ko Boubacar. Sau da yawa kuma a juya, sunan uba ya koma na yanka. Kwamfutar kotu ba ta san duk ɗaya ba ne. Sai ka gwada kowane rubutu, ka gwada a juye. A ɗaya ɓangaren kuma, ka tuna Ibrahim Musa nawa ne a unguwarku kaɗai, balle a gundumar da ke da mutum miliyan 4 ko 5. Ranar haihuwa ce ya kamata ta raba gardama, to amma mutanenmu da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu a fasfo, don haka sai ka sami mutum biyu suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Wanda yake da lambar shari'a ya huta da duk wannan. In ɗan uwanka ne abin ya shafa, ka ce ya duba saman kowace takarda da aka ba shi, lambar tana nan.

Wani abin lura kuma: wanda aka kama jiya da dare ba lallai sunansa ya fito a kundin kotu yau ba, sai mai gabatar da ƙara ya shigar da tuhuma. Kafin nan a jerin tsararru na sharif ko na hukumar gidan yari ake dubawa. Shafin shari'o'in laifi na jihar New York kuma waɗanda ke da ranar zama a gaba kawai yake nunawa. Shari'ar da ta ƙare ba za ta fito ba. Wanda ke son binciken tarihin laifi na jihar baki ɗaya sai ya biya hukumar kotunan dala 95 a kan suna ɗaya.

In intanet ta gaza, sai a je ofishin. Ranar da na fara zuwa irin wannan wuri, na cire bel da agogo na zuba a faranti kamar a filin jirgi, na hau bene, na tarar da ɗaki mai dogon kanta da gilashi, ga kwamfutoci uku a jikin bango, wani tsoho yana zaune a gaban ɗaya da takardar haya a ninke a hannunsa. Matar da ke bayan gilashin ba ta ko ɗago kai ba ta ce in ba ta lambar shari'a. Na ce suna kawai gare ni. Ta nuna min kwamfutar da yatsa. Na kai minti ashirin ina juya haruffan suna ɗaya kafin ya fito, ashe wani ya rubuta shi da “ou” a inda muke sa “u”. Dubawa kyauta ne. Kwafi ne ake biya, a California misali santi 50 kowane shafi, kwafi mai hatimin kotu kuma dala 40. Hatimin nan tudu gare shi, kana shafa shi da yatsa kana ji, kuma shi ne hukumomi ke yarda da shi, ba hoton waya ba. Tsohuwar shari'a kuwa wataƙila an kai fayil ɗinta ma'ajiya a wani gini, sai ka cika takarda ka jira kwanaki.

Magatakarda zai nuna maka fom, ya faɗa maka kuɗi da ranar zama. Amma in ka tambaye shi me ya kamata ka yi, zai ce doka ta hana shi ba da shawarar lauya. Gaskiya ya faɗa, ba wulaƙanci ba ne. Kotuna da yawa suna da ofishin taimaka wa marasa lauya a cikin ginin, can za a tura ka.

## Kalmomin da ke kashe aure

Yanzu mu dawo kan hoton da aka turo wa gwaggona. Abin da ke jiki tuhuma ce. Tuhuma kuwa zargi ne da mai gabatar da ƙara ya rubuta a rana ta farko, kuma sukan fara da mafi nauyi. Layin da ya kamata ido ya nema yana can ƙasa, inda aka rubuta yadda shari'ar ta ƙare. Wanda ya ɗauki hoton, ko da gangan ko da rashin sani, ya yanke wannan wurin.

Kalmar “disposed” ita ta fi ruɗa mutane. Ma'anarta kawai shari'a ta ƙare, ba ta faɗi wa ya yi nasara ba. “Dismissed” an kori ƙarar. In an ƙara da “with prejudice”, an kore ta ke nan har abada. In “without prejudice” ne, ana iya sake shigar da ita. “Nolle prosequi” Latin ne, mai gabatar da ƙara ne da kansa ya janye. “Acquitted” an wanke mutum bayan shari'a. “Continued” ɗage zama ne, ba wani abu ba, kuma za ka iya ganinsa sau goma a shari'a ɗaya. “Convicted” ko “guilty” shi ne an same shi da laifi, amma ko a nan sai ka duba wane laifi. Sama da kashi 90 cikin 100 na hukuncin laifi a Amurka ta hanyar sulhu ake samunsa, wato mutum ya amsa laifi, sau da yawa ƙarami, a janye babban. Sai kundin ya nuna tuhuma mai ban tsoro a sama, a ƙasa kuma abin da aka kama shi da shi bai wuce tayar da hankali a bainar jama'a ba.

Akwai kalmomi biyu da in ka gan su a gaban sunanka ko na ɗan uwanka, kada a kwana. Ta farko “bench warrant”, umarnin kamu ne da alƙali ya bayar, galibi don mutum bai zo zama ba. Ba ya ruɓewa. Yana iya shekara biyar yana jira, ranar da ɗan sanda ya tsayar da mutum kan fitilar mota sai ya faɗo. Ta biyu “default judgment”, hukunci a bayan ido, wanda ake yanke wa wanda aka yi ƙara bai amsa ba. Wani bincike da cibiyar Pew ta fitar a 2020 ya nuna cewa ƙararrakin masu karɓar bashi sun tashi daga kusan miliyan 1.7 a 1993 zuwa kusan miliyan 4 a 2013, kuma a wuraren da aka samu alƙaluma, sama da kashi 70 cikin 100 a bayan ido aka yanke su. Mutanenmu suna yawan sauya gida, wani ya tafi ganin gida ya yi wata uku, sammaci ya je tsohon adireshi. Ba zai sani ba sai ranar da ya ga an yanki albashinsa ko an rufe masa asusun banki. A ganina wannan shi ne babban amfanin kundin nan ga talaka: ya riƙa duba sunan kansa lokaci-lokaci, fiye da yadda yake duba na wasu.

Shi yaron da ake magana, da na sami gundumar na buɗe kundin har ƙasa, an kori ƙarar tun shekara biyu da suka wuce. Na kira gwaggo na karanta mata. Ta ce, “Allah Sarki, saura ƙiris mu ɗauki alhakin yaron mutane.” Na gaya mata kuma cewa korar ƙara ba shaidar hali ba ce, binciken aure yana nan yadda iyaye suka saba yinsa, ta bakin waɗanda suka zauna da shi.

## Abin da ba za ka gani ba

Rashin ganin suna ba ya nufin babu shari'a. Shari'o'in yara masu ƙarancin shekaru, da na ɗaukar riƙon yaro, da na tabin hankali, a rufe suke kusan ko'ina. A jihar New York fayil ɗin sakin aure sirri ne na shekara 100, ma'auratan da lauyoyinsu kaɗai ke iya buɗe shi, alhali a wasu jihohi kowa na iya karantawa. Shari'ar laifin da ta ƙare da nasarar wanda ake tuhuma ma rufe ta ake yi a New York. Lambobin sirri, kamar lambar shaidar ɗan ƙasa da ta asusun banki, ana shafe su, a bar huɗun ƙarshe.

Sai kuma shari'ar shige da fice, wadda ita ta fi taɓa al'ummarmu. Ba ta gunduma ba ce, ba ta jiha ba ce, ba ta ma cikin PACER a matakin farko. Kotunanta suna ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta tarayya, kuma da lambar baƙo ake dubawa, wadda ke farawa da harafin A. Wanda ICE, hukumar da ke kama baƙin haure, ta tsare kuma a shafinta na neman tsararru ake nemansa.

A nan akwai tarko da ya kamata kowane baƙo ya sani. Ko jiha ta rufe shari'arka ko ta goge ta, hukumar shige da fice ba ta ɗauke ta a matsayin gogaggiya ba. Takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambaya ko an taɓa kama ka, har da abin da aka goge, kuma za a buƙaci takardar ƙarshen shari'a mai hatimi. A kotun laifi ta birnin New York dala 10 ake biya a karɓe ta. Gara mutum ya karɓa ya adana da wuri, don bayan an rufe fayil samunta yana ƙara wuya. Tun 2010, a shari'ar wani baƙo mai suna Padilla da jihar Kentucky, Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauya ya gaya wa baƙo idan amsa laifi zai iya jawo a kore shi daga ƙasar, domin laifin da ɗan ƙasa zai biya tara ya wuce, shi baƙo yana iya rasa zamansa a kai.

## Masu cewa a buɗe da masu cewa a rufe

Lokacin da takardu suke cikin durowa, a buɗe suke a doka, amma a aikace sai mai buƙata ta gaske ne zai hau mota ya je ya nema. Kotun Ƙoli da kanta ta yi magana a kan wannan a 1989, inda ta ce akwai bambanci tsakanin bayanan da ke warwatse a kotuna da wanda aka tattara wuri ɗaya a kwamfuta. Intanet ta rushe wannan katanga. Yanzu kamfanoni na kwashe kundayen gundumomi da yawa su sayar wa masu ɗaukar aiki da masu gidajen haya.

'Yan jarida da masu sa ido suna cewa a ƙara buɗewa, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Da kundin nan ake gano alƙalin da ke fifita wani ɓangare, da mai gidan da ke korar 'yan haya ɗari-ɗari, da kamfanin da ke zuba ƙararraki dubu a wata. Kamfanin labarai na Courthouse News ya yi shekaru yana ƙarar magatakardan kotuna kan jinkirta nuna sababbin ƙararraki, kuma a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanki na 9, a shari'ar gundumar Ventura ta jihar California, ta ce jama'a na da haƙƙin ganin ƙara a kan lokaci da zarar an shigar da ita.

Masu cewa a rage kuma suna nuna mutumin da aka kora ƙararsa amma har yanzu ba ya samun aiki, da matar da mai gida ya kai ƙara ta ci nasara, amma duk inda ta nemi haya sai a ce sunanta ya fito. Su ma sun sami nasarori. California ta yi doka a 2016 da ke ɓoye ƙarar korar ɗan haya sai idan mai gida ya yi nasara cikin kwana 60. Pennsylvania ta kafa dokar rufe tsofaffin ƙananan laifuka kai tsaye a 2018. New York ta bi sahu, gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a 2023, dokar ta fara aiki a Nuwamba 2024: ƙaramin laifi a rufe shi bayan shekara 3, babba bayan 8, ban da laifukan lalata da mafi munin laifuka irin su kisa. A 2021 kuma wata kotu a California ta hana jama'a bincike da ranar haihuwa a kundin laifi, abin da ya kare wasu, ya kuma sa raba masu suna ɗaya ya ƙara wuya.

Ni dai ina tare da buɗe kotu, domin wanda ya taso inda fayil ke ɓata a ofis sai an “ga” wani ya san darajar kundin da kowa zai iya karantawa. Amma ban ga adalci a bar kamfani yana sayar da zargin da kotu ta riga ta watsar ba. Shafukan nan da ke cewa ka biya dala kaza su ba ka tarihin kowa, kwafi ne na kwafi, sau da yawa tsoho, kuma su ne suka fi haɗa mutum biyu masu suna ɗaya. Wanda aka hana aiki ko gida saboda irin wannan rahoto yana da haƙƙi a ƙarƙashin dokar tarayya ta 1970: a gaya masa kamfanin da ya rubuta rahoton, a ba shi kwafi, ya ƙalubalanci kuskuren, kamfanin kuma ya bincika cikin kwana 30. Abin da zai riƙe a hannu ranar da zai yi wannan ƙorafi shi ne takardar nan mai hatimi daga ofishin magatakardan gundumar da aka yi shari'ar.